Sabon Madabod Da Tsohon Faifai

A hutun da ya wuce wani malami abokin aikina ya kai kwamfutarsa ta tebur wurin mai gyara a kasuwa, domin ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Mai gyara ya duba ya ce madabod ne ya lalace, watau babban farantin nan kore ko baƙi da ke shimfiɗe cikin akwatin, wanda kowane sashe na kwamfuta yake manne a jikinsa. Aka sayo sabo aka ɗaura, aka mai da tsohon faifan ajiya mazauninsa. Da aka kunna sai ga fuskar kwamfuta ta yi shuɗi, ana neman wasu lambobi guda 48. Malam bai taɓa jin labarin lambobin nan ba, mai gyara kuwa ya ce shi ya gama nasa aikin. Cikin faifan nan akwai sakamakon jarrabawar ɗalibai na zango biyu, da tambayoyin da ya shekara uku yana tarawa, da rabin littafin da yake rubutawa don neman digiri. Sai da aka kwana huɗu ana fama kana aka tuna da wani tsohon adireshin imel da ya shiga da shi ranar da aka sa wa kwamfutar Windows, aka tarar da lambobin ajiye a can. Da ba a tuna ba, da aikin nan duka ya tafi ke nan, ga faifai lafiya lau a hannu, amma ba mai iya karanta ko harafi ɗaya daga cikinsa.

Wannan ne ya sa da Edita ya nemi in rubuta wani abu a shafukanmu na Hausa, na ce ba abin da zan rubuta sai wannan. Ku ɗalibai gobe za a rarraba ku makarantu, kuma a yawancin makarantun nan duk malamin da aka ga ya iya riƙe linzamin kwamfuta shi ake danƙa wa ta ofis, da rajista da sakamako da komai. Ran da ta lalace kuwa shi za a tambaya. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mun ɗauka duk abin da kwamfuta ta sani yana cikin faifai, madabod kuwa hanya ce kawai da wuta ke bi. Ba haka ba ne. Akwai yarjejeniya tsakanin su biyun, kuma rabin takardun yarjejeniyar a jikin madabod suke, in ka cire shi ka tafi da su tare. Abubuwa uku ne: irin yadda yake karanta faifai, da jerin wuraren da yake neman abin da zai tayar da kwamfuta, da mabuɗan da yake tsaro da su. Amma ba za a gane ko ɗaya ba sai an fara sanin yadda ake raba faifai.

YADDA AKE RABA FAIFAI

Sabon faifai kamar fili ne da ba a yanka ba. An jera shi gurbi gurbi, kowane gurbi da lambarsa tun daga sifiri har ƙarshe, kuma bisa al'ada kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, watau misalin harafi 512. Kafin a zuba komai a ciki sai an yanka filin, a ce daga gurbi kaza zuwa gurbi kaza yanki ɗaya ne, daga nan zuwa can wani yankin ne. Abin da kake gani a Windows ana ce masa C ko D ba lalle ne faifai biyu ba ne, sau da yawa faifai ɗaya ne aka yanka. To, tilas a sami wurin da za a rubuta iyakokin nan, kamar yadda mai unguwa yake riƙe da sanin iyakar gonar kowa. Takardar iyakar nan iri biyu ce.

Ta farko ana kiranta MBR, ta fito a 1983 tare da PC DOS 2.0 na kwamfutocin IBM. Dukanta cikin gurbi na farko take, bayit 512 kacal. Bayit 446 na farko ɗan gajeren umarni ne na tayar da kwamfuta. Bayit 64 da ke biye su ne ainihin takardar iyaka, kowane yanki yana cin 16, saboda haka yanki huɗu kaɗai take ɗauka. Biyun ƙarshe alama ce, 55 da AA, mai nuna gurbin nan na tashi ne. Masu son lissafi su haɗa 446 da 64 da 2 su gani. Don a sami fiye da yanki huɗu sai aka ƙirƙiro dabarar mai da ɗaya daga cikin huɗun ya zama jaka, a riƙa zuba ƙananan yankuna a ciki. Dabarar ta yi aiki shekara da shekaru, amma akwai iyakar da ba ta da magani. Mafi yawan gurbin da MBR take iya ƙirgawa shi ne 4,294,967,296. In ka ninka wannan da 512 za ka sami terabayit 2 da 'yan kai. Duk faifan da ya wuce haka, ragowar ta zama kufai, ba a iya shiga. A 1983, lokacin da faifai mai megabayit 10 abin alfahari ne, ba wanda ya yi zaton za a kai nan. Wani aibinta kuma, kwafi ɗaya ne tak. In gurbin farko ya ɓaci, iyakoki sun ɓace.

Ta biyu ita ce GPT. Ita ba ta da wannan ƙunci: Windows yana yarda da yanki har 128 a kanta, kuma girman da take iya ƙirgawa ya wuce duk faifan da ake sayarwa nesa ba kusa ba. Tana ajiye kwafi ɗaya a farkon faifai, ɗaya a ƙarshensa, tana kuma riƙe da wata lambar gwaji da ake gane ko rubutun ya ɓaci. Har ma tana barin wata MBR ta jabu a gurbin farko, wadda ke cewa faifan duka a cike yake, don kada tsohuwar manhaja ta ɗauka fili ne babu mai shi ta hau yanka.

Me ya haɗa wannan da madabod? Ga abin da ya haɗa su. Cikin kowane madabod akwai ɗan tsarin umarni da aka dasa tun daga masana'anta, shi ne yake farkawa da fari in an danna maɓallin wuta, tun Windows bai san gari ya waye ba. Tsohon irinsa shi ne BIOS, wanda ya zo da kwamfutar IBM ta 1981. BIOS bai san fayil ba, bai san yanki ba. Kamar ɗan aike yake wanda aka ce masa je ka ƙofar farko, duk wanda ka tarar ba shi ragama. Yakan ɗauko gurbin farko, ya ga alamar 55 AA, ya miƙa wa umarnin da ke ciki mulkin kwamfuta, ba tambaya. Sabon irin kuwa UEFI ne. Kamfanin Intel ne ya faro shi da sunan EFI, a 2005 aka mai da shi hannun wata ƙungiya ta kamfanoni. Shi ya iya karanta fayil. Yakan nemi wani ɗan ƙaramin yanki na musamman a faifai, wanda aka tsara da FAT32, yawanci megabayit 100 ne ko fiye kaɗan, a nan fayilolin tashi suke zaune. Ni nakan kira shi zauren faifai, domin ta nan ake shiga gida. Ba a ba shi harafi kamar C, shi ya sa yawancin mutane ba su san da shi ba. Bayan zaure Windows yakan yanki wani ɗan wuri na megabayit 16 ya keɓe wa kansa, sa'an nan babban yankin C, sa'an nan ɗan yankin kayan gyara.

Ƙa'idar Windows ita ce: faifan MBR da BIOS yake tashi, faifan GPT da UEFI. Ba a gauraya su. Saboda haka mutumin da aka sa wa kwamfutarsa Windows shekaru goma da suka wuce bisa tsohon tsari, in ya sayo madabod na zamani ya ɗaura, sabon zai leƙa faifai ya nemi zaure ya rasa, ya ce babu abin tashi. Faifan ba abin da ya same shi. Harshe ne ya bambanta.

Masu gyara suna da hanyar sauri a nan. Madabod da yawa suna da wani tafinta a ciki mai suna CSM, wanda ke sa UEFI ya yi kamar shi BIOS ne. A kunna shi, kwamfuta ta tashi, a karɓi kuɗi. Ban ce laifi ne a yi haka don a shiga a kwashe kaya ba, amma ba wurin zama ba ne. Tun 2017 Intel ya ba da sanarwa zai daina tallafa wa tafintan nan daga 2020, kuma sababbin injuna da dama ba su da shi sam. Abin da ya fi wannan, muddin CSM yana kunne, tsaron tashi da zan yi bayaninsa nan gaba ba ya aiki, Windows 11 kuma ba ya yarda ya hau, domin tun fitowarsa a watan Oktoba na 2021 ya shardanta UEFI. Windows 10 kuwa an rufe tallafinsa na yau da kullum ran 14 ga Oktoba, 2025.

Hanyar kirki ita ce a juya faifan daga MBR zuwa GPT. Tun 2017 Windows 10 yake zuwa da wata 'yar manhaja mai suna mbr2gpt da ke yin wannan ba tare da share kaya ba. Tana da sharuɗɗa: kada yankunan su wuce uku, domin tana bukatar gurbi na huɗu ta gina zaure, kuma kada a sami irin jakar nan ta ƙananan yankuna. Da fari akan ba ta umarnin validate ta duba ko faifan ya cancanta, in ta amsa kana a ba ta convert. Amma fa a sani, ba ta da hanyar komawa baya, kuma da zarar ta gama kwamfutar ba za ta ƙara tashi ba sai an shiga saitin madabod an mai da shi UEFI. Na ga wanda ya manta da wannan mataki na ƙarshe ya zauna yana salati, yana tsammani ya hallaka faifansa. Kowa zai yi wannan aiki ya fara kwafe kayansa a wani faifai dabam, musamman a garin da wuta kan ɗauke ba sallama.

JERIN DA YA TAFI DA TSOHON MADABOD

A ce faifanka GPT ne tun asali. Duk da haka akwai abu na biyu. UEFI yana da ɗan littafi da yake rubuta cewa Windows yana fayil kaza a zauren faifai kaza, Linux yana fayil kaza, a fara da wannan kafin wancan. Littafin nan ba a faifai yake ba, cikin wata 'yar ma'ajiya yake a jikin madabod. Sabon madabod yakan zo da nasa littafin fari fat. In bai sami komai a rubuce ba, akwai suna guda da aka yarda zai nema a kowane zaure, BOOTX64.EFI cikin jakar EFI da BOOT, kuma da yake Windows yakan ajiye kwafin fayilinsa da wannan suna, galibi yakan tashi da kansa. Wanda yakan sha wuya shi ne mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, kamar ɗalibanmu na sashen kimiyya. Sai ya ga jerin zaɓin nan da ya saba gani ya ɓace, Windows kaɗai ke tashi, ya ɗauka Linux ya goge. Bai goge ba. A tayar da kwamfutar da filashi, a sake rubuta sunansa a littafin da umarnin efibootmgr, ko a sake dasa GRUB. In na Windows ne ya ɓata, umarnin bcdboot yana sake gina shi.

Akwai wani tarko kuma ga mai faifai biyu. Wani lokaci in an sa Windows a sabon faifai alhali tsohon yana haɗe, sai ya ci gaba da amfani da zauren tsohon, bai gina wa sabon nasa ba. Shekara biyu ba wanda ya lura. Ranar canja madabod sai a ce bari a cire tsohon faifan nan tun da ba ya aikin komai, shi ke nan an rushe zaure an bar gida ba ƙofa. Haka kuma in kwamfuta ta fara tashi sai ta tsaya da shuɗiyar fuska tana cewa ba ta iya kai wa ga faifai, a duba saitin da ake zaɓen AHCI ko RAID, a mai da shi yadda yake a tsohon madabod. Wannan ƙaramin abu ne, amma ya sa an share faifai da yawa a banza.

MAI GADI DA MABUƊI

Yanzu mu zo ga abu na uku, wanda shi ne ya kusa cinye aikin abokina.

Mun ce BIOS yana miƙa ragama ga duk wanda ya tarar a ƙofar farko. Ɓarayi ba su daɗe ba suka gane haka. A 1986 wata ƙwayar cuta ta kwamfuta mai suna Brain ta fito daga Lahore ta ƙasar Pakistan, tana zama a gurbin tashi na ƙananan faya-fayan zamanin. Bayanta Stoned ta zo a 1987, ita har gurbin MBR na babban faifai take kamawa. Hikimar a fili take: wanda ya riga kowa farkawa shi ke da gida. In mugun umarni ya tashi kafin Windows, to yana iya ɓuya daga duk wani maganin ƙwayar cuta da zai tashi bayansa, kamar ɓarawon da ya riga mai gadi shiga ɗakin gadi.

Maganin da aka kawo shi ne tsaron tashi, wanda za ku gani a saitin madabod an rubuta Secure Boot. An shigar da shi ƙa'idar UEFI a 2011, kuma daga Windows 8 a 2012 Microsoft ya wajabta shi ga masu ƙera kwamfutocin da ke ɗauke da tambarinsa. Aikinsa shi ne duba hatimi. Kowane fayilin tashi yana ɗauke da hatimin wanda ya yi shi, madabod kuwa yana riƙe da jeri biyu, na hatiman da aka amince da su, da na fayilolin da aka kora saboda an sami ɓaraka a cikinsu. Sama da jerin nan biyu akwai mabuɗan da ke ba da izinin sauya su, a can ƙoli kuma akwai mabuɗi guda na maƙerin madabod. In fayil ya zo ba hatimi, ko hatiminsa ba ya cikin jerin amintattu, ko an taɓa shi ko da bayit ɗaya ne, ba ya tashi. Manyan ire-iren Linux kamar Ubuntu da Fedora suna wucewa ta wani ɗan fayil mai suna shim da Microsoft ya buga wa hatimi. Wanda ya ƙara nasa mabuɗin a Linux, misali don katin hoto, shi ma a madabod aka ajiye, sai ya sake shigar da shi.

Duk jerin nan a madabod suke, saboda haka kada ka ɗauka sabo ya zo a shirye. Wanda ake saye shi kaɗai a kwali sau da yawa yakan zo da tsaron a kashe, wani ma ba a loda mabuɗan ba sai ka zaɓi a sa na masana'anta. Kuma ko an rubuta yana kunne a duba da kyau. A farkon 2023 wani mai bincike ya nuna cewa madabod masu yawa na kamfanin MSI suna nuna tsaron a kunne, alhali an saita su su tayar da kowane fayil, da hatimi ko babu. Mai gadi yana bakin ƙofa da kakinsa, amma an ce masa kada ya tare kowa. A wannan shekarar kuma aka bayyana wata muguwar manhaja mai suna BlackLotus, wadda ta riƙa zuwa da tsohon fayilin Windows mai hatimi na gaskiya amma mai ɓaraka, wanda ba a riga an sa shi jerin korarru ba. Wannan ya nuna jerin korarru ma yana bukatar sabuntawa. Bugu da ƙari, hatiman da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu 2026 ne, waɗanda suka gaje su kuwa na 2023 ne. Madabod ɗin da ya daɗe a kanti, ko na hannu da aka kwance daga wata injin, yana iya zuwa da tsofaffin kaɗai. Saboda haka a sabunta tsarinsa daga shafin maƙerinsa, a kuma bar Windows ya sha sabuntawarsa.

Gargaɗi ɗaya kafin a kashe CSM a kunna tsaro: in katin hoton kwamfutar tsoho ne ƙwarai wanda bai san UEFI ba, fuska za ta yi baƙi ƙirin, ba ka ko ganin saitin da za ka gyara. In haka ta faru a cire katin a haɗa da mafitar hoto ta jikin madabod in tana aiki, ko a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo na ɗan lokaci don saiti ya koma na asali.

Tsaron tashi yana hana baƙon umarni shiga, amma ba ya hana ɓarawo kwance faifanka ya kai wata kwamfuta ya karanta. Wannan aikin BitLocker ne, wanda ya fara fitowa da Windows Vista. Shi yakan rikita duk rubutun da ke yankin C ta yadda ba mai warware shi sai da mabuɗi. To, ina mabuɗin yake, tun da ba a tambayarka shi kullum safiya? An ɗaure shi da wani ɗan akwatin sirri da ake kira TPM. A wasu injuna ƙwaya ce dabam a jikin madabod, a yawancin na yanzu kuwa cikin tsarin injin yake, Intel suna ce wa nasu PTT, AMD suna ce wa nasu fTPM. Duk lokacin da kwamfuta take tashi, ana auna kowane mataki ana ba akwatin nan awon: wane tsari ne a madabod, tsaron tashi yana kunne ko a kashe, wane fayil ne ya tashi. In awon ya yi daidai da na ranar da aka kulle, sai ya saki mabuɗi shiru, kai ba ka ma san an yi ba. In ya saɓa, sai ya riƙe. Shi ya sa ko wani ya lallaɓa ya kashe tsaron tashi, galibi abin da zai tarar shi ne shuɗiyar fuskar nan.

Sabon madabod kuwa ba awo ne kaɗai ya saɓa ba, akwatin ne dungum ya canja, wanda ya zo bai taɓa ganin mabuɗinka ba. Ko ka riƙe tsohuwar ƙwaƙwalwar injin ka dasa a sabon, kada ka dogara da wannan. Abin da ya rage shi ne lambobin ceto, guda 48, an jera su shida shida gida takwas. A nan nake roƙon mai karatu ya natsu. Ba mai gyara, ba maƙerin madabod, ba Microsoft da kansa da zai iya lissafo maka lambobin nan in ba a ajiye su wani wuri ba. An gina abin ne da gangan don ya gagari ɓarawo, shi kuwa faifai bai san bambancin ɓarawo da mai kaya da ya yi sakaci ba.

Wani zai ce ai ni ban taɓa kunna BitLocker ba. Abokina ma haka ya ce. Kwamfutocin hannu da yawa suna kulle kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft, kuma daga fitowar Windows 11 ta 2024, wadda ake kira 24H2, an sassauta sharuɗɗan har abin ya game kwamfutocin tebur da aka sa wa Windows sabo. A irin wannan hali lambobin suna tafiya asusun da aka fara shiga da shi. In yaron shago ne ya sa maka Windows da nasa asusun don ya yi sauri, to lambobinka suna hannunsa, kai ba ka da su. In kwamfutar makaranta ce da aka haɗa da asusun hukuma, suna wurin mai kula da asusun.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara, tun kwamfuta tana da rai, ba sai ta fara tari ba. Ka rubuta msinfo32 a wurin nema, zai nuna maka ko da UEFI take tashi ko da tsohon tsari, da kuma halin tsaron tashi. Ka buɗe wurin ba da umarni da izinin mai gida, ka rubuta manage-bde -status, ka ga ko a kulle take. In a kulle take, manage-bde -protectors -get C: zai fito maka da lambobin. Ka kwafe su da alƙalami a takarda, tare da lambar shaidar da ke samansu, domin ita ce za a nuna maka a shuɗiyar fuska don ka san wane mabuɗi ake nema. Ka sa wani ya karanto maka kana dubawa, kamar yadda muke yi da makin jarrabawa. Ta makaranta a sa a ambulan a ba hedimasta ya kulle a kabad. Kada a ajiye su cikin kwamfutar da suke buɗewa.

In kwamfutar tana tashi har ranar da za a yi canjin, ka kwafe kayanka, sa'an nan ka dakatar da BitLocker. Dakatarwa ba warware faifai ba ce, ajiye mabuɗin ne a fili na ɗan lokaci don a wuce ba tare da TPM ba. Amma a lura, dakatarwar da ake yi da danna maɓalli takan ƙare ne bayan tashi ɗaya, mai gyara kuwa zai kunna ya kashe sau da yawa. Umarnin manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 0 shi ne yake barinta a dakace har sai ka mai da ita da kanka. Sai dai ka tuna a wannan tsakani faifanka a buɗe yake ga duk wanda ya riƙe shi, saboda haka in da hali ka tsaya a kan aikin, ko ka riƙe faifan a aljihu har a gama ɗaura madabod.

Bayan an ɗaura, a bi abin daki daki. A fara sabunta tsarin madabod, domin in aka yi shi daga baya shi ma yana iya sauya awo ya jawo neman lambobi. A kunna TPM, a kashe CSM, a kunna tsaron tashi, a sa wa saitin madabod kalmar sirri don kada yaran aji su shiga su yi wasa. Sai an gama wannan duka kana a mai da BitLocker, don ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da sabon akwati bisa awon da zai dawwama. A sake kunna kwamfutar sau biyu a tabbata ba ta nemi lambobi ba, a sake duba msinfo32. Mai gyara da ya ce maka a bar tsaron a kashe don ya fi sauƙi, sauƙin nasa ne.

Ƙananan abubuwa biyu za su biyo baya, kada su tayar maka da hankali. 'Yar lambar PIN da kake shiga Windows da ita tana ɗaure da tsohon TPM, za ta ƙi aiki, sai ka shiga da cikakkiyar kalmar sirrin asusunka ka sa sabuwa. To, ka tabbata kana tune da kalmar tun kafin ka bar gida. Windows kuma yana iya cewa ba a yi masa rajista ba, domin a wurinsa sabon madabod sabuwar kwamfuta ce. In lasisinka yana haɗe da asusun Microsoft, akwai wurin da za ka shaida masa ka canja kayan injin ya mai da maka. In kuwa irin lasisin nan ne da ya zo manne da injin daga masana'anta, yawanci ba ya bin ka zuwa sabon madabod, sai ka sa kuɗinsa cikin lissafin gyara tun da wuri.